Zazzaɓin da ba na sauro ba: tarihin wata al'ada a Parakou da Djougou

A Banikanni, kamar a sauran unguwannin Parakou, idan jikin mutum ya yi zafi ba a cika tsayawa neman dalili ba. Sunan cutar yana bakin kowa tun kafin a taɓa goshin maras lafiya: palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro. Sai a aiki yaro ya sayo farasitamol da ƙwayoyin maleriya, a sha na kwana uku, a jira ikon Allah. Masu ilimin likita sukan yi wa wannan al'ada kallon jahilci, kuma a ganina sun yi mata rashin adalci, domin asibiti ne ya koya wa mutane ita, kuma ta ceci rayukan da ba za su ƙirgu ba. Sai dai sharuɗɗan da suka sa ta zama daidai sun gushe ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tana nan daram. Wanda ta fi cutarwa a yau shi ne mutumin da fararen ƙwayoyin jininsa suka yi ƙasa, domin shi zazzaɓi kaɗai ne gargaɗin da jikinsa zai iya bayarwa, kuma kwana ukun da ake ba maganin maleriya ya yi aiki sun fi lokacin da yake da shi.

Parakou da Djougou garuruwan fatake ne tun asali. Ayarin goro da ke tasowa daga Kano da Sakkwato yakan ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, ya yada zango a waɗannan garuruwa kafin ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Hausawa da Dandawa da Wangarawa suka zauna a zangunan, kuma tare da kanwa da tufafi da fatu suka zo da wanzamai da malamai da masu saiwa. A wancan zamani masassara ba ta da suna guda da ya haɗe ta. Akan raba ta ta fuskar abin da ido ya gani: wadda ta sa ido ya yi rawaya shawara ce, wadda ta zo da ƙuraje an san ta da nata suna, wadda ta kama yaro da fizge-fizge akan danganta ta da iska. Magungunan ba su da ƙarfin da za su kashe abin da ke cikin jini, wannan gaskiya ne, kuma yara sun mutu da yawa. Amma mai maganin da ba shi da abin aunawa sai ido da hannu, dole ya yi tambaya: yaushe ta fara, daga ina ka taso, me ka ci, me ka sha. Wannan tambayar ita ce abin da ya fara ɓacewa da ƙwaya ta shigo.

Ƙwayar ta shigo ne a hannun Turawa, kuma don kansu suka kawo ta. A 1820 wasu masana harhaɗa magani biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace kwinin daga ɓawon itacen sinkona. A 1854 likita William Baikie ya shiga Kwara da Binuwai a jirgin ruwa mai suna Pleiad, yana ba mutanensa kwinin kullum, ya fito ba tare da zazzaɓi ya kashe ko ɗaya ba, alhali tafiye-tafiyen da suka gabata a wannan kogi sun zama maƙabarta. A 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar a cikin jinin wani soja a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro. Da Faransa ta kama Bargu a ƙarshen ƙarni na 19, kwinin kayan jami'an mulki ne da sojoji. Abin da ya kai magani hannun talaka shi ne kulorokwin, wanda aka fara haɗawa a Jamus a 1934, ya bazu bayan yaƙin duniya na biyu, aka san shi a ƙasashen rainon Faransa da sunan Nivaquine. Layin dogo daga Kwatano ya iso Parakou a 1936 ya tsaya nan, garin ya zama wurin sauke kaya daga jirgi a loda wa motocin da ke zuwa Nijar. Ƙwaya mai arha, maras nauyi, wadda ba ta lalacewa da wuri, kuma kowa yana bukatarta duk damina, ba ta da wuyar zama haja a gari irin wannan.

Hukumomin lafiya ba su yi yaƙi da wannan ba, su ne ma suka mayar da shi ƙa'ida. Shirin Bamako na 1987, wanda Benin ta kasance cikin ƙasashen da suka fara aiwatar da shi, ya ɗora ƙananan asibitoci a kan sayar da muhimman magunguna masu arha, kulorokwin kuwa yana sahun gaba. A shekarun 1990 tsarin kula da cututtukan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya ya umarci ma'aikaci a yankin da sauro ya yi yawa ya ɗauki duk zazzaɓin ƙaramin yaro a matsayin maleriya, ya ba da magani ba tare da gwaji ba. A lokacin, hukuncin yana da hujja mai ƙarfi. Maleriya na iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, madubin duba jini ba ya samuwa sai a manyan asibitoci, maganin kuma kusan kyauta ne kuma yana aiki. Idan abu uku ɗin nan sun haɗu, wanda ya tsaya jiran tabbaci shi ne mai ganganci. Uwar da ta koyi wannan darasi daga bakin ma'aikaciyar asibiti ta koyar da 'yarta, mai shagon magani ya koya daga masu saye, har ya zama ba a tuna cewa umarni ne da aka bayar saboda wani yanayi.

Yanayin ya canza. An fara ganin maleriyar da ba ta jin kulorokwin a Gabashin Afirka a 1978, ta iso Afirka ta Yamma a cikin shekarun 1980, kuma a 2004 Benin ta koma ga haɗin magungunan atemisinin, waɗanda suka fi tsada. Sai ga ɗan gwajin nan na ɗigon jini daga yatsa, mai ba da amsa cikin kwata na awa, wanda ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya matsayinta a 2010 ta ce a gwada kafin a ba da magani. Hujjar da ta fi tayar da hankali ta fito daga Tanzaniya a 2004, inda Hugh Reyburn da abokan aikinsa suka bi marasa lafiya sama da 4,000 da aka kwantar a asibitoci goma ana yi musu maganin maleriya mai tsanani. Fiye da rabinsu ba a ga ƙwayar maleriya a jininsu ba, kuma su ne suka fi mutuwa: kusan kashi 12 cikin 100, idan aka kwatanta da kusan kashi 7 na masu maleriyar gaske. Yawancinsu ba a ba su maganin bakteriya ba, domin an riga an raɗa wa cutarsu suna. Arewacin Benin ya ɗanɗana nasa darasin da zazzaɓin Lassa, wanda ya kashe ma'aikatan asibitin Saint Jean de Dieu na Tanguiéta a 2014, ya sake ɓulla a Tchaourou, kudu da Parakou, a 2016.

A gefe guda kuma wani tarihin yana tafiya, wanda bai haɗu da na kasuwar Arzeke ta Parakou ba sai a kwanan nan. A 1882 Élie Metchnikoff ya ga yadda wasu ƙwayoyin jiki ke haɗiye baƙon abu su narkar da shi, Paul Ehrlich kuma ya yi amfani da rini ya rarrabe fararen ƙwayoyin jini iri-iri, ciki har da nutrofil, wanda ya fi kowanne yawa kuma shi ne ke fara isa inda bakteriya ta shiga. Ɓargo ne ke ƙera shi, kuma ba ya daɗewa a cikin jini, don haka duk abin da ya dakatar da ɓargo na 'yan kwanaki zai bar jiki ba tsaro. Likitoci sun ga haka ƙuru-ƙuru da aka fara yaƙar ciwon daji da magunguna masu kashe duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa. Afirka tana tsakiyar wannan labari. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a Uganda, aka gano yana bin yankunan da maleriya ta yi katutu, kuma yana narkewa da magani irin su saiklofosfamaid. Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda suka karɓi lambar Lasker a 1972 saboda wannan aiki. Amma maganin da ke narkar da kumburin shi ne kuma ke kwantar da ɓargo.

A 1966 Gerald Bodey, a cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka, ya bi masu sankarar jini 52 ya nuna da alƙaluma cewa haɗarin kamuwa da cuta mai tsanani yana hawa yayin da nutrofil ya sauka ƙasa da 1,000 a cikin mikrolita guda ta jini, ya kai maƙura a ƙasa da 100, kuma yana ƙaruwa da tsawon kwanakin da aka yi a haka. A lokacin al'adar asibiti ita ce a ɗebi jini a shuka shi a ɗakin gwaji, a jira a ga wace bakteriya ce kafin a zaɓi magani. Shukar tana ɗaukar kwana biyu ko uku, da yawa daga marasa lafiyar kuwa ba sa kai wa. A 1971 Stephen Schimpff da abokansa a Baltimore suka gwada akasin haka: da zarar zazzaɓi ya tashi a irin wannan maras lafiya, a ɗaura masa maganin bakteriya mai faɗin aiki ta jijiya, kabenisilin da jentamaisin, sakamakon gwaji ya zo daga baya. Mace-mace suka ragu, kuma daga nan aka samu ƙa'idar da ake bi a yau. Nutrofil ƙasa da 500, da zafin jiki na digiri 38.3 sau ɗaya ko 38 da ya ɗauki awa guda, lamari ne na gaggawa, kuma ana so allurar farko ta shiga cikin awa ɗaya da isowa asibiti. Abin lura shi ne cewa wannan ƙa'ida da al'adar Banikanni hankali ɗaya ne ya haife su, wato kada a jira gwaji idan cutar ta fi gwajin sauri. Inda suka rabu shi ne a kan wane magani za a ɗauko, da kuma wa za a ba.

Dalilin da ya sa ganewa ke da wuya yana cikin aikin nutrofil kansa. Kumburi da ja da zafi a wurin ciwo, da mugunyar da ke taruwa a maruru, da majinar da ke cika huhu har a gan ta a hoto, duk alamun faɗa ne tsakanin fararen ƙwayoyi da bakteriya. Idan babu masu faɗan, babu alamun. Kamar gida ne da aka ɗauke karnukansa, ɓarawo zai shiga ya gama ta'adi ba a ji haushi ba. Mutum na iya samun ciwon huhu ba tari mai majina, hoton ƙirjinsa ya fito fes, ko ciwon mafitsara ba tare da fitsarin ya nuna farar ƙwaya ba. Abin da ya rage sai ƙananan abubuwa da ido mai gaggawa zai tsallake: gyambo a baki ko maƙogwaro, zafi wajen haɗiya, ciwo a dubura, ɗan ja a inda aka sa allurar ruwa, rawar sanyi, numfashi da sauri, bugun zuciya da sauri, jiri idan an miƙe, raguwar fitsari, ko tsoho ya fara magana ba kan gado. Wani ma jikinsa sanyi zai yi maimakon zafi, kuma wannan ya fi muni. Bakteriyar kuwa sau da yawa ba daga waje take zuwa ba. Ta cikin hanjin mutum ce da bakinsa da fatarsa, ta samu ƙofa a buɗe ta shiga jini.

A nan ne tarihin biyu suka yi karo. Mai ciwon daji daga Parakou ko Djougou yakan karɓi maganinsa a babban asibiti, sau da yawa a Kwatano mai nisan sama da kilomita 400, sa'annan ya komo gida, domin zaman birni yana cin kuɗi. Fararen ƙwayoyin ba sa faɗuwa a ranar da aka ɗaura ruwan maganin. Sukan kai ƙasa ne tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayansa, daidai lokacin da yake kwance a ɗakinsa, nesa da likitan da ya san abin da aka sa masa. Zazzaɓi ya tashi da dare, dangi su yi abin da suka gada. Farasitamol ya sauke zafin, ya share alama guda da ake da ita, a kwana da murna an samu sauƙi. Ba masu ciwon daji kaɗai ke cikin wannan haɗari ba. Zidobudin, tsohon maganin ƙanjamau, yana taɓa ɓargo, haka ma kotrimoksazol da ake sha kullum don kariya. Kabimazol na masu ciwon maƙoƙo, da kuloramfenikol, da metamizol mai kashe ciwo wanda aka sani da Novalgin, kowannensu kan share fararen ƙwayoyi a jikin wasu tsirarun mutane ba zato. Amodiyakwin ma, maganin maleriya, an daina ba matafiya shi don rigakafi bayan an ga irin wannan illa a shekarun 1980.

Za a ce, kuma da gaskiya, maleriya har yanzu ita ce kan gaba wajen kai mutane asibiti a Benin, masu ƙarancin fararen ƙwayoyi kuwa 'yan kaɗan ne, don haka bai kamata a rikita saƙon da ke ceton dubbai saboda tsiraru ba. Ban ga inda saƙon zai rikice ba. Babu mai cewa a daina zargin maleriya, a ƙasar da gwamnati ta mayar da maganinta kyauta ga ƙananan yara da masu juna biyu a 2011, ta kuma shigo da allurar rigakafinta a 2024. Tsirarun nan ba ɓoyayyu ba ne, an san su da suna, domin asibiti ne ya ba su maganin da ya jefa su cikin haɗarin. Wanda ya ɗaura wa yaro maganin daji ya sallame shi ba tare da ya tabbatar uwarsa ta san abin da zazzaɓin kwana na goma yake nufi ba, ya bar aikinsa a rabi. Iyalin da suka sayar da gona ko shanu don biyan maganin sun cancanci a gaya musu cewa abin da zai iya raba su da ɗansu a makon nan ba dajin ba ne.

Wata hujjar ita ce gwajin yatsa ya raba gardama: in ya nuna maleriya a yi maganinta, in bai nuna ba a nemi wani abu. Ga yawancin mutane haka ne. Amma a ƙasar da sauro ke cizo duk damina, mutane da yawa suna yawo da ƙwayar maleriya a jininsu ba ta dame su ba, kuma gwajin yakan ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an warke. An kuma daɗe da sanin cewa maleriya da bakteriyar Salmonella sukan haɗu a jinin yaro guda. Saboda haka layi biyu a hannun mai ƙarancin nutrofil ba ya wanke shi daga zargin bakteriya. A yi masa maganin duka biyun, kuma a asibiti.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu tsoron bakteriya ta daina jin magani. Suna cewa Afirka ta Yamma ta riga ta cika da shan maganin bakteriya barkatai, kuma koyar da a ba da shi kafin gwaji ƙara wa wuta mai ne. Tsoron na gaske ne. A Kwatano ne aka yi kiran yaƙi da jabun magunguna na 2009, kuma a 2017 hukuma ta rushe Adjégounlè, sashen 'yan magani na kasuwar Dantokpa, ta kwashe tan-tan na ƙwayoyi. Amma ɓarnar tana faruwa ne a wurin mai mura da ya sayi kafso huɗu ya sha biyu ya ajiye saura. Maras lafiyar da muke magana a kansa yana cikin 'yan kaɗan da hujjar ba su magani nan take ta fi kowace ƙarfi. Hana shi ba zai rage shan barkatai da ƙwaya ɗaya ba. Kafson shago ma ba zai wadatar da shi ba, domin abin da yake bukata shi ne a auna hawan jininsa da numfashinsa, a ɗebi jinin shuka idan akwai hali, a zaɓi magani mai faɗi, a sa masa ido. Likita ne zai tantance wanda haɗarinsa ƙarami ne har ya iya shan na baki a gida.

Saura batun na'ura. Ƙidayar ƙwayoyin jini tana samuwa a babban asibitin koyarwa na Parakou, wanda ke horar da ɗaliban likitanci na jami'ar da aka kafa a garin a 2001, amma ba kowane ƙaramin asibiti ke da ita ba, ba kuma kowane dare ba. Ko inda take, lambar tana bukatar mai karatu da hankali. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wani sinadari mai suna Duffy a kan jajayen ƙwayoyin jininsu, gadon da aka nuna a shekarun 1970 cewa yana kare su daga nau'in maleriya na vivax. A 2009 aka tabbatar cewa wannan gadon ne ke sa nutrofil ɗinsu ya zauna ƙasa da ma'aunin da aka ɗauko daga jinin Turawa, ba tare da sun fi kowa kamuwa da cuta ba. Lafiyayyen Bahaushe ko Babarge mai 1,300 ba maras lafiya ba ne, kuma likitan da ya ɗage masa magani saboda wannan lamba ya cuce shi. Wanda kuwa aka yi wa maganin daji kwana tara da suka wuce, yana rawar sanyi, ba ya bukatar a jira takardar sakamako kafin a ɗauke shi a matsayin wanda ba shi da nutrofil ko ɗaya. A duka biyun labarin maras lafiyar ne ke fassara lambar.

Wannan ya sa nake ganin gyaran ya fi kusa da yadda ake zato, kuma ba ya bukatar a tumɓuke al'adar. Saurin da ta koya wa mutane abu ne mai kyau, tambayar da ta kora ce ya kamata ta komo: wane magani aka sa maka, ko kake sha, a makonnin nan? Mai sayarwa a famasi zai iya yin ta, haka ma'aikaciyar da ke riƙe da ɗan gwajin yatsa a Djougou. Asibitin da ya ba da maganin daji kuma zai iya sallamar kowa da ma'aunin zafin jiki, da kati mai ɗauke da sunan maganin da ranar da aka ɗaura shi da lambar wayar da za a kira, tare da bayani da Hausa ko Dendi ko Bariba ga wanda zai yi jinya a gida: a auna zafi kafin a sha farasitamol, kuma idan ya kai 38 a hau babur zuwa asibiti a daren, a miƙa katin tun daga bakin ƙofa don kada a sa shi a layi.